Sai Ƙasa Ta Saki

Kun ishe ni da tambaya. Tun da na dawo, duk wanda ya shigo shagon nan na Ka'akiyya a nan Makka, ko da rimot ya zo saya, sai ya tsaya ya ce, "Haruna, yaya Amurka? Da gaske ƙanƙara tana zubowa daga sama?" Ɗaliban nan 'yan Kano da ke zuwa shan shayi su ma ba su bar ni ba, wai ai su ma akwai sanyi a Jos. To ku zauna in faɗa muku sau ɗaya, in ya so ku ƙyale ni in yi aikina.

Kun san sana'ata gyaran mukayyif ce, na'urar sanyaya ɗaki. Shekara da shekaru ina hawa saman masaukan Misfala ina sayar wa alhazai sanyi, har na ɗauka ba abin da wani zai koya mini a kansa. Ashe ban san komai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Idris ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Nakkasa aka haife mu, kafin a rushe unguwarmu mu dawo nan. Shi ne mai ƙwaƙwalwar gidanmu. Ya tafi karatu Amurka, ya zama likitan dabbobi, ya auri wata 'yar can mai suna Sara, ya zauna a wata gundumar ƙauye can arewa kusa da iyakar Kanada, inda shanu suka fi mutane yawa. Bara ciwon daji ya kama shi a hanta. Da hunturu ya shigo sai ya kira ni ya ce, "Yaya, in za ka zo, ka zo yanzu. Ka taho mini da likkafani daga gida."

Ummi, mahaifiyarmu, ita ta sayo yadin da kanta. Ta sa na ɗebo mata Zamzam, ta jiƙa shi, ta shanya a ɗaki don kada maƙwabta su gani su yi tambaya. Ta kwana biyu tana yi masa dambun nama, abin da ya fi so tun yana yaro. Ranar tafiya ta riƙe hannuna a bakin ƙofa. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, Babba take ce mini.

"Babba, in Allah ya karɓi abinsa, kada ka bari ya kwana a waje. Da hannunka za ka sa shi a kabari, ka juya fuskarsa ta kallo nan."

Na ce, "Halas, Ummi, in sha Allahu." Da ƙarfina na faɗa, don ban ga abin wahala a ciki ba. Mu nan mutum ya rasu da hantsi, da azahar an yi masa salla a Harami, kafin la'asar an dawo ana shan gahawa.

Daga Jidda na tashi. Jirgi ya yi ta tafiya har na rasa wace salla ake ciki, na tambayi wani Bamisire da ke gefena, shi ma ya ɗaga kafaɗa. Da muka sauka, ma'aikacin da ke binciken kaya ya buɗe jakata, ya ciro ledar dambun nama, ya shinshina, ya ce mene ne. Turancina na takardun mukayyif ne, amma na haɗa na ce nama ne, na mara lafiya ne. Ya ce nama ba ya shiga. Na roƙe shi da Turanci, na roƙe shi da Larabci, har da Hausa. A gabana ya jefa shi cikin kwandon shara, kwana biyun Ummi a tsaye gaban murhu. Sannan ya ɗago likkafanin ya ce wannan fa? Na kwantar da kaina a tafin hannu, na nuna masa yadda ake naɗe mutum. Ya ninke shi da kyau ya mayar, ya ce in wuce.

Daga nan wani ƙaramin jirgi, wanda iska ta yi ta wasa da shi har na yi kalmar shahada. A ƙaramin filin da muka sauka Sara tana jirana. Doguwa ce, fuskarta ta faɗa saboda jinya. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ina sanye da jallabiya da farwa, rigar sanyin nan mai gashi da muke taƙama da ita in za mu Ɗa'ifa can kan duwatsu, ƙafata kuwa takalmi sandal da safa. Da ɗan Larabcin da Idris ya koya mata ta ce, "Yaya Haruna, da wannan ka zo?"

Na ce, "Me ya same shi?"

Ƙofar filin ta buɗe, na gane abin da ya same shi. Wallahi ba iska ba ce, mari ne. Gashin hancina ya ƙage, haƙorana suka yi tsami, hawaye ya zubo ya tsaya a kunci. Kafin mu kai mota na zame na zauna daɓas, farwa ta tashi sama, wata tsohuwa da kare ta zo tana tambaya ko na karye. Sara ta buɗe bayan mota ta ba ni takalman Idris na shiga garke da safar hannunsa. Haka na shiga gundumar, da takalmin ƙanena a ƙafata.

Kuna so in ce muku wurin yana da kyau? Fari ne. Gona fari, rufin gida fari, hanya kuma an kankare ta an tara ƙanƙarar gefe da gefe har ta fi motar tsawo. Gida nan, wani gidan sai ka yi tafiya. Ba kowa a waje. Ba mai shayi, ba yara, ba wanda zai ce maka sannu. Ka idar da la'asar, kafin ka gama lazimi magariba ta faɗo maka. Rana kuwa tana fitowa ƙal, tana haske, amma ba ta da zafi ko na ashana. Ban taɓa ganin rana marar amfani irin wannan ba.

Gidan na katako ne, da murhun ƙarfe a tsakar falo da ake cusa wa itace ba dare ba rana. A kusa da murhun aka sa gadon Idris. Na je na durƙusa a gefensa. Wannan ƙaton da yake kayar da sa shi kaɗai ya koma kamar yaro. Ya yi murmushi ya ce, "Ahlan, Yaya. Ina dambuna?"

Na gaya masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Na manta ban faɗa maka ba. Kada ka gaya wa Ummi. Ka ce na cinye har da sudar hannu."

Abinci kuwa, dankali da safe, dankali da rana, miyar kabewa mai zaƙi, da wani burodi mai nauyi da zai iya fasa goshi. Maƙwabta suna kawo kwanuka, su ajiye a bakin ƙofa, su ƙwanƙwasa su tafi. Ba sa shigowa su zauna. Na ce wa Idris wannan wace irin dubiya ce? Ya ce haka suke, wai ba sa so su dame ka. Na tuna ɗakin Ummi in ta yi zazzaɓi kawai, yadda mata ke cika shi har a rasa wurin sa ƙafa. Amma ban hana su haƙƙinsu ba: kullum da sassafe wani yana zuwa da tarakta ya share mana hanya, ban taɓa ganin fuskarsa ba.

A kwanakin da muka samu tare, in ya ɗan ji ƙarfi, hirar yanayi yake mini. Mutanen can ba su da wata hira sai ita, ya ɗauki halinsu. Yana amfani da sunayen da muka ji a bakin Ummi, mu da ba mu taɓa ganin damina ba.

"Ka zo a mummunan lokaci, Yaya," ya ce. "Nan shekara kashi huɗu ce, kowanne da kayansa da aikinsa. Bayan wannan hunturun sai bazara, ƙanƙara ta narke, ko'ina ya zama taɓo, mota ta kafe, shanu su yi ta haihuwa, ni kuma ba barci. A lokacin ne suke huda wata bishiya su tari ruwanta su dafa, ya zama kamar zuma. Sai damina, ciyawa ta fito, tsanwa shar, rana ta ƙi faɗuwa. Sai su ce zafi ya yi, suna ta fifita."

"Zafi kamar namu?"

"Haba! Zafinsu shi ne sanyin Makka. Ana ruwa, ana yankan ciyawa ana tara wa shanu. Sai kaka, ganye ya koma ja da rawaya, ya zube. Daga nan kowa ya hau faskare, don ya san abin da ke tafe." Ya juya ya kalli taga. "Na so ka ga kaka."

Na ce mu dai shekararmu kashi biyu ce, zafi da kuma zafi mai tsanani, sai ruwan da zai zo sau ɗaya ya kwashe motoci a kwari ya tafi. Ya yi dariya. Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Da hantsi ya cika, ran wata Talata, ina riƙe da kansa. Na rufe masa ido, na yi abin da ya kamata. Sara ta kira wani likita ɗan Sudan, Dokta Awad, da ke aiki a asibitin babban garin gundumar. Ya zo da mutum biyu, su ke nan Musulmin da ke kusa. Muka yi masa wanka, muka sa masa likkafanin Ummi, muka yi masa salla a falo, sahu ɗaya ko cika bai yi ba. Idris da aka haifa inda dubbai ke sallatar gawa ba su ma san sunanta ba.

Da muka sallame na ce, "To, bismilla, a ɗauka." Ba wanda ya motsa.

Dokta Awad ya ja ni gefe ya ce, "Ya ahi, ba su gaya maka ba? Maƙabartar ƙauyen nan a rufe take. Ba a binne kowa sai bazara."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "A rufe kamar yaya? Kanti ce?"

Ya ce ƙasa ta daskare, tsayin ƙugun mutum zuwa ƙasa duk ta zama dutse. Duk wanda ya mutu da hunturu, akwai wani ɗakin dutse a gindin tudun maƙabartar, a nan ake ajiye shi a akwati, sanyin Allah ya tsare shi har ƙasa ta saki. Haka suke yi tun kakanninsu.

Raina ya ɓaci, na juya kan Sara. Na ce to a sa shi a jirgi in kai shi gida. Na ce kakanmu da ƙafa ya taso daga Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya, ba don komai ba sai don ƙashinsa ya kwanta a Makka. Mutane suna sayar da gonakinsu su zo garinmu suna addu'ar ajali ya riske su a can. Shi kuma da aka haife shi a ciki, a ajiye shi a sito kamar buhun dankali?

Dokta yana fassarawa, yana rage wa maganar kaifi, na sani. Sara ba ta ɗaga murya ba. Ta ce 'yarsu Amina, wadda ta rasu tana jaririya, a kan tudun nan take. Idris ya sa ta yi masa alkawari a gefenta za a sa shi, kuma shi da kansa ya auna alƙibla ya kafa alama tun kafin ƙanƙara ta sauko. Ta ce ya san in ya mutu yanzu sai an jira. Ya so ya kai bazara, bai kai ba.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya ce in ka sani, za ka gaya wa Ummi. Ya ce ba ka iya ɓoye mata komai."

Kun ji fa. Yana kwance yana ba ni labarin ganye ja da rawaya, ashe ya san abin da ya bar mini. Allah ya gafarta masa, amma har yau in na tuna sai in ji haushinsa.

Na juya na fita. Na shiga rumfar kayan aiki na ɗauki diga da shebur, na hau tudun da ƙafa, ƙanƙara tana kai mini gwiwa. A raina na ce waɗannan ragwaye ne kawai, sun saba da inji. Mu da muka gina gidaje a kan dutsen Nakkasa, ƙasa ce za ta gagare ni? Na ga sandar da Idris ya kafa, na share ƙanƙarar da ke kewaye, na ɗaga diga na sauke da iya ƙarfina. Ta yi tsalle ta dawo, zafin ya ratsa ni har ƙeya. Na sake, na sake. Abin da nake ɓantarowa bai fi ƙwayar dabino ba.

Sai na koma na kwaso itacen murhu, na hura wuta a wurin. Na tsaya a kanta ina ƙara itace, gabana yana ƙuna, bayana yana daskarewa. Da ta cinye na share tokar na haƙa. Taɓo ya fito kamar tsawon tafin hannu, ƙarƙashinsa kuma dutsen nan yana nan yadda yake.

A haka mai kula da maƙabartar ya same ni, wani tsoho mai suna Wolta, tare da Dokta Awad. Hayaƙi ya gani. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tsaya yana kallon ɗan ramin da na yi, sannan ya yi magana a hankali, Dokta yana mayar mini. Ya ce a manyan garuruwa akwai injin da ke gasa ƙasa, amma hanyar tudun nan ba za ta ɗauke shi ba yanzu. Ya ce kuma duwatsun alama duk suna ƙarƙashin ƙanƙara, in na ci gaba da haƙa a makance, ina iya faɗawa kan kabarin yarinyar. Ya ce matarsa ma da hunturu ta mutu, a ɗakin nan ta jira.

Na ce a tambaye shi yaushe ƙasar za ta saki. Ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya ce ya danganta da shekara.

Na cire safar hannu na ga tafina ya fashe, jini ya daskare a kai, ban ma ji ba. Na zauna a kan ƙanƙarar na yi kuka irin wanda ban yi ba lokacin da ya cika.

Washegari muka kai shi. Ɗaki ne ƙarami a cikin tudu, da ƙofar ƙarfe, da kantoci a bango. Akwai akwatuna uku a ciki, mutanen ƙauyen da suka riga shi. Na roƙi Wolta ya bar ni in juya akwatin ya fuskanci alƙibla, ya taya ni da kansa. Ya ja ƙofa ya sa kwaɗo.

Sai kiran Ummi. Na yi ta juya wayar a hannu kafin in danna.

"Babba, kun rufe shi?"

Idris ya yi gaskiya, ban iya ba. Na gaya mata duka. Sai ta ce, "A waje ya kwana ke nan."

"A ɗaki yake, Ummi, an yi masa sutura, an yi masa salla."

"Ɗaki ba kabari ba ne. Ka ji ni da kyau, ba zan zauna karɓar gaisuwa ba sai ɗana ya shiga ƙasa. Kada wanda ya jera mini kujeru a ƙofar gida."

Na so in zauna in jira. Amma azumi ya matso, masu masaukai a Misfala suna ta kira, Ummi kuma ba kowa a wurinta sai matata, ga hawan jini. Sara ta kai ni filin jirgi. Na cire takalman Idris na miƙa mata, na sa sandal ɗina. Ta ce za ta kira ni ranar da Wolta ya buɗe ƙofa. Ban yi mata sallama mai kyau ba, kuma ban ce na kyauta ba.

Sauran kun ga wani, ba ku ga wani ba. Kun ga ba a yi zaman makoki ba, kuna ta gulma, na ji. Abin da ba ku gani ba shi ne Ummi. Tsohuwar da ba ta taɓa tambayar yanayin gari ba, don Makka ba ta da wani yanayi sai wanda aka sani, ta koma kullum bayan sallar asuba sai ta miƙo mini wayata. "Duba mini garin su Idris." In duba in ce yau ma ana zuba ƙanƙara. Ta ce, "To." Da la'asar ta sake miƙowa. Ta koyi cewa in lambar awon sanyin tana da ɗan layi a gabanta, ƙasa ba za ta saki ba. Mukayyif na ɗakinta ma ta hana a kunna, ga zafin azumi, wai ba ta son jin sanyi a jikinta.

Ana cikin goman ƙarshe Sara ta turo hoto: ƙanƙara ta narke, ana ganin ƙasa baƙa. Ummi ta yi hamdala, ta sa aka sayo gahawa da dabino na baƙi, ta ce a gaya wa mai kujeru ya shirya. Na kira Sara in ji rana. Ta ce ba yanzu ba. Taɓo ne ko'ina, mota ba ta hawa tudun, in an haƙa rami ruwa ke cika shi. Sai ƙasa ta tsane, in ba a sake ruwa ba. Da na gaya wa Ummi sai ta tura ledar dabinon ƙarƙashin gado.

Bayan salla da 'yan kwanaki, da hantsi, matata ta shiga kai mata shayi ta tarar ta tafi. Kafin azahar an yi mata wanka. Muka kai ta Harami, aka sallace ta da jama'ar da ba ta ƙirguwa. A maƙabartar Shara'i kabari a shirye yake, ƙasa busasshiya, mai ɗumi. Na shiga na karɓe ta da hannuna, na juya fuskarta. Ko gumin kirki ban yi ba aka gama.

Da magariba aka jera kujerun. Baba Sale, tsohon maƙwabcinmu tun Nakkasa, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana ba ni haƙuri. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Haruna. Ai yanzu ta huta, ta je ta tarar da Idris."

Na san alheri yake nufi. Amma bakina ya riga ni.

Na ce, "Ba ta tarar da shi ba, Baba. Ta riga shi. Shi har yanzu yana kan kanta, ana jira ƙasa ta bushe."